Daga Tukunyar Fata Zuwa Bene Mai Hawa 18: Tarihin Gam ɗin Haɗa Katako

Itace yana da halaye biyu da suka daɗe suna ba kafinta wahala. Faɗin katako ba ya wuce kaurin bishiyar da aka yanko shi daga jikinta, sannan ƙarfinsa na gefe ɗaya ne: ta tsawon jijiyarsa yana ɗaukar nauyi, amma ƙusa ɗaya tana iya tsaga shi gida biyu. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke ya kantare. Maganin da aka gano tun da daɗewa shi ne a yanka itacen sirara-sirara, a jera yankunan wannan a tsaye wancan a gicciye, kowane ya hana ɗan'uwansa motsi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Abin da ya hana ta bunƙasa har shekaru dubbai shi ne rashin gam ɗin da zai riƙe yankunan idan ruwa ya taɓa su.

Tsofaffin Girkawa da Romawa suna da nasu labarin asali. Marubucin nan na Roma, Pliny Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya danganta ƙirƙiro gam da zarto da gatari ga Daedalus, gwanin nan na tatsuniyoyin Girka da aka ce ya ƙera wa kansa da ɗansa fukafukai. Wannan almara ce, kuma abin da aka tono daga ƙasa ya girme ta nesa ba kusa ba. A Sakkara ta ƙasar Masar, ƙarƙashin dalar Fir'auna Djoser wadda aka gina wajen shekara ta 2650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an samu ɓaraguzan akwatin gawa da aka yi da siraran katako shida, jijiyar kowane ta gicciye ta na ƙarƙashinsa. Sai dai ba gam ya riƙe su ba, ƙananan turakun itace ne. Shaidar gam ta fito fili a kabarin Rekhmire, wazirin Fir'auna Thutmose na Uku, wajen 1450 kafin miladiyya: a zanen bangon kabarin ana ganin kafintoci, ga tukunya bisa wuta, ga wani yana shafa abin da ke cikinta da buroshi.

Rashi ne ya koya wa Masarawa wannan aiki. Ƙasarsu ba ta da manyan dazuzzuka. Ɓaure da dangin bagaruwa da ke gaɓar Nilu gajerun katako suke bayarwa, itacen al'ul daga Labanan ake kawo shi, baƙin itace mai tsada kuma daga kudu. Wanda ya sayi abu da tsada ba ya ɓarnatar da shi, sai ya yanka shi siriri ya lulluɓe katako mai arha da shi. Gam ɗin nasu daga fata da ƙashi da kofato ake dafa shi har ya yi kauri, a shafa shi da zafinsa, ya kama yayin da yake hucewa. Yana da ƙarfi ƙwarai, har yau masu ƙera goge irin na Turai shi suke so, domin ɗumi da danshi suna sake narkar da shi a buɗe kayan a gyara. Wannan sauƙin narkewar ita ce kuma lahaninsa. Busasshiyar iskar Masar ce ta rufa masa asiri.

A Turai mai yawan ruwan sama sai aka nemi wani abu daban. Wajen shekarun 1120, wani malamin coci da ya sa wa kansa suna Theophilus ya rubuta littafin sana'o'i, a ciki ya bayyana yadda ake wanke cuku da ruwan zafi, a kirɓa shi, a gauraya da farar ƙasa, a manne allunan ƙofofi da shi. Furotin ɗin madara da ake kira kesin shi ne sirrin, kuma ya fi na fata jure laima. Daga nan aka yi ƙarnuka babu wani babban sauyi.

Injin ne ya tayar da maganar. A 1797 Samuel Bentham, injiniyan jiragen ruwan Ingila, ya yi rajistar injunan yanka siraran katako, kuma a takardunsa ya yi bayanin manne su bisa juna don a samu allo mai kauri. A ƙarni na 19 aka samu injin da ke juya gungume gaba ɗaya a bakin doguwar wuƙa, itacen yana warwaruwa kamar bandir ɗin yadi. Ana yawan danganta wannan injin ga Immanuel Nobel, mahaifin mai kyautar Nobel, amma mutane da dama a ƙasashe daban-daban sun yi rajistar irinsa a wancan zamani. A 1865 John Mayo na birnin New York ya karɓi takardar mallakar fasahar filawud, wato allon siraran katako da aka manne bisa juna, a Amurka, bai kuwa ci ribarta ba.

Waɗanda suka fara cin riba suna gaɓar tekun Baltik. Masana'antar A. M. Luther da ke Tallinn, a Estoniya ta yau, ta yi rajistar wani gam mai jure ruwa a 1896, kuma ta hannun kamfanin Venesta na Landan filawud ɗinta ya zama akwatunan da ake zuba ganyen shayin Indiya da Silon (Sri Lanka ta yau). A wannan yanki ne aka ƙware da amfani da jinin kwata: a busar da shi, a jiƙa, a shafa, a matse da ƙarfe mai zafi. Duk mahauci ya san jini in ya dahu ba ya komawa ruwa, kuma wannan ne ya ba gam ɗin juriyarsa. A can birnin Portland na Amurka, a 1905, kamfanin Portland Manufacturing ya haɗa alluna masu hawa uku don baje kolin da aka yi a garin. Da buroshin fenti suka shafa gam ɗin dabba, da jak ɗin ɗaga gini suka matse, kwana guda ana jiran allo ya bushe. Masu yin ƙofofi suka yi rububin saye. Shekara ɗaya bayan haka, a 1906, Otto Hetzer, kafinta a garin Weimar na Jamus, ya yi rajistar lanƙwasassun ginshiƙai da ake yi ta hanyar manne katako bisa katako da kesin, waɗanda suka rufe tashoshin jirgin ƙasa da manyan zauruka.

Shekaru ashirin ɗin da suka biyo baya zamanin gona ne. Frank Perkins ya gano cewa garin rogo, idan aka sarrafa shi da soda mai ƙuna, yana ba da gam da ake shafawa da sanyinsa, babu tukunya babu wari. Masu kayan ɗaki a Amurka suka rungume shi, har rigimar mallakarsa ta kai Kotun Ƙolin ƙasar a 1928, inda alƙalai suka ce ba zai yiwu mutum ɗaya ya mallaki duk wani gam na sitaci don kawai yana aiki irin na dabba ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa kesin da jini daraja, domin jiragen saman lokacin itace ne da yadi, kuma cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da aka buɗe a Madison a 1910 ta duƙufa kan gwada su. A shekarun 1920 kuma Irving Laucks na birnin Seattle ya fito da gam ɗin garin waken suya, mai arhar da ta sa masana'antun filawud na yammacin Amurka suka koma kansa kusan gaba ɗaya.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. Fata, madara, jini, rogo, wake: dukkansu abinci ne, kuma abin da yake abinci ga mutum abinci ne ga fumfuna da ƙwari. Filawud ya yi ƙaurin suna a matsayin katakon cikin ɗaki, wanda in ya kwana biyu a ruwan sama sai ya ɓare hawa-hawa. Masu ƙera motoci da suka yi amfani da shi a matakalar gefen mota sun gaji da ƙorafi, suka koma ƙarfe.

Mafitar ta fito ne daga kwal. Tun 1872 masanin sinadarai Adolf von Baeyer ya lura cewa finol, wanda ake samu daga kwaltar kwal, yana haɗuwa da wasu sinadarai ya zama wani dunƙule mai tauri da ba ya wankuwa daga kwalba. A lokacin ɓarna aka ɗauke shi. Leo Baekeland, ɗan Beljiyam da ya koma Amurka, shi ya shawo kan haɗin finol da sinadarin fomaldihaid a 1907, ya fito da robar Bakelite. Bambancinsa da duk gam ɗin da ya gabata shi ne, zafi yana ɗaure ƙwayoyinsa da juna ɗaurin da ba ya kwancewa. Ko tafasa shi aka yi ba ya narkewa, kuma babu ƙwaron da ke cin sa. Shigar da shi tsakanin siraran katako ya ɗauki lokaci. Wajen 1930 kamfanin Goldschmidt na Jamus ya fito da Tego-Film, wata siririyar takarda da aka jiƙa da gam ɗin aka busar, a shimfiɗa ta tsakanin katako a matse da zafin da ya kai kusan digiri 140. A 1934 James Nevin, masanin sinadarai a kamfanin Harbor Plywood na jihar Washington, ya samar da filawud na farko a Amurka da ake iya barin sa a waje. Baƙin layin nan da ake gani a gefen allon da magina ke kira marin, wanda ake zuba dakin a kansa, alamar wannan gam ce.

Kusan a lokaci guda aka haifi ƙaninsa, wanda ya fi shi arha kuma daga baya ya fi shi yaɗuwa. Yuriya, wannan farin takin da manomin masara ya sani, ita ma tana haɗuwa da fomaldihaid. Tun da aka fara yin ta da yawa a masana'anta a Jamus a 1922 farashinta ya faɗi, kuma a 1931 kamfanin IG Farben ya fito da gam ɗin Kaurit. Ba shi da launi, yana kamawa da sauri, ba ya bukatar zafi mai yawa. A Ingila, Norman de Bruyne, malamin kimiyya a Kambirij mai sha'awar tuƙa jirgi, ya fito da nasa mai suna Aerolite a 1937.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gwada su duka. Alminiyom ya yi ƙaranci, sai kamfanin de Havilland ya ƙera jirgin Mosquito da itace: balsa mara nauyi daga Ekwado a tsakiya, filawud a ciki da waje. Ya fara tashi ranar 25 ga Nuwamba 1940, aka ƙera 7,781, masu yin kujeru da fiyano suna cikin waɗanda suka haɗa sassansa, kuma a gudu ya bar yawancin jiragen zamaninsa a baya. Da kesin aka fara manne shi, daga baya aka koma Aerolite. A ƙarshen 1944 wasu daga cikin jiragen da aka kai Indiya suka riƙa karyewar fiffike a sama. Labarin da ya fi yawo har yau shi ne zafi da damina suka narkar da gam ɗin, wasu ma su ce ƙwari suka cinye shi. Binciken da hukumomin Birtaniya suka yi ya nuna wani abu da ya fi wannan ɗaci: a wasu jiragen, tun daga masana'anta ba a haɗa gaɓoɓin fiffiken yadda ya kamata ba, fuskokin katakon ba su ma taɓa juna sosai ba balle gam ya riƙe su. Ɗora wa yanayi laifi ya fi sauƙin faɗa a tsakiyar yaƙi.

Jamusawa sun so su rama da nasu jirgin itacen, Focke-Wulf Ta 154. Samfurin farko ya tashi lafiya a 1943 da Tego-Film a jikinsa. Sai bama-baman Birtaniya suka rushe masana'antar da ke yin takardar, aka maye gurbinta da wani gam mai yawan asid, wanda a hankali ya riƙa cin katakon da aka ce ya riƙe. Jirage suka faɗo a 1944, aka soke shirin a cikin wannan shekara. Da wuya a samu wani misali da ya fi wannan nuna matsayin gam a wannan sana'a: injuna suna nan, itace yana nan, matuƙa suna nan, rashin takarda mai kaurin gashi ya kashe jirgi. A ɓangaren Amurka kuwa, wajen 1943 aka fara amfani da gam ɗin risosinol, mai launin jan goro, wanda yake kamawa ba tare da zafi ba kuma ba ya tsoron ruwan teku. Da shi aka manne ƙasusuwan jiragen ruwa masu share nakiyoyi.

Bayan yaƙi sana'ar ta iso Afirka ta Yamma da girmanta. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin African Timber and Plywood, reshen kamfanin kasuwanci na UAC, ya kafa katafariyar masana'antar filawud a Sapele, cikin jihar Delta ta yau, ya kuma yi wata a Samreboi ta ƙasar Gana. Gungumen na dazuzzukan kudu ne, sinadaran mannewar kuwa daga Turai jirgi ke kawo su.

Babban juyin da gam ɗin roba ya kawo ba a filawud ya tsaya ba. Filawud yana bukatar gungume miƙaƙƙe mai kauri, amma gam mai arha yana iya haɗa abin da ake sharewa a zubar. Max Himmelheber ya yi rajistar dabarar matse ɓarbashin katako a 1932, masana'anta ta farko ta buɗe a Bremen a 1941, kuma nahiyar Turai da yaƙi ya rushe, mai bukatar gidaje da kayan ɗaki ba ta da dazuzzuka, ta karɓi allon ɓarbashi hannu bibbiyu. A tsakiyar shekarun 1960 aka fara yin MDF a garin Deposit na jihar New York, inda ake niƙe itace har ya koma zare kafin a gauraya shi da gam. A irin waɗannan alluna gam yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyi, kuma mafi yawansu na yuriya ne. Su ne a yau suka cika kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, su ne gadon amarya da wadirob da kabad ɗin kicin. Duk wadda ta taɓa ganin ƙafar kabad ta kumbura ta ruɓe bayan wankin ɗaki ta ga iyakar wannan gam da idonta: ruwa yana kwance ɗaurin yuriya a hankali, saɓanin na finol.

Wannan kwancewar tana da wani sakamako da aka daɗe ba a kula da shi ba. Yayin da ɗaurin ke saki, fomaldihaid yana fita ya shiga iskar ɗaki, kuma zafi da danshi suna ƙara masa gudu. Shi ne warin nan mai sa ido yaji idan aka buɗe sabon wadirob, kuma ruwansa ne ake adana gawa da shi a asibitocin koyarwa. Bayan tashin farashin mai na 1973, Turawa da Amurkawa suka toshe kafofin gidajensu don tattalin ɗumi, sai ƙorafin ciwon kai da tari suka yawaita. Jamus ta kafa ma'aunin E1 na yawan fomaldihaid ɗin da allo zai fitar a 1980, Amurka ta sa iyaka ga allunan gidajen tafi-da-gidanka a 1985, Japan ta tsaurara dokar gininta a 2003. A 2004 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldihaid cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan'adam.

Abin da ya girgiza Amurka shi ne guguwar Katrina ta 2005. Gwamnati ta raba wa dubban iyalai da suka rasa muhalli ƙananan gidajen tirela, cike da filawud da allon ɓarbashi, a yanki mai tsananin zafi da laima. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta auna iskar 519 daga cikinsu, sakamakon da ta fitar a 2008 ya nuna fomaldihaid ɗin ya ninka na gidajen yau da kullum kusan sau biyar. Jihar Kalifoniya ta riga ta amince da tata ƙa'idar a 2007, kuma a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mai da ita ta ƙasa baki ɗaya.

Masana'antu sun amsa ta hanyoyi da dama. Sun rage yawan fomaldihaid a haɗin, sun ƙara sinadarin melamin don ƙarfafa ɗaurin, wasu kuma sun koma gam ɗin aisosayanet, jikan binciken da Otto Bayer ya yi a 1937, wanda ba a sa masa fomaldihaid kuma danshin katakon ma taimaka masa yake yi wajen kamawa. Shi ma da nasa: yana da tsada, yana manne wa ƙarfen matsa, kuma kafin ya bushe yana iya jawo wa ma'aikata asma. Wasu suka waiwayi tsirrai. A Afirka ta Kudu tun shekarun 1970 Antonio Pizzi da abokan aikinsa suka mai da sinadarin jima da ke ɓawon wata bishiya gam ɗin masana'anta, bishiyar kuwa 'yar'uwar bagaruwar da majeman Kano da Sakkwato ke jima fata da ita ce. Waken suya ma ya dawo. Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon ya ce wasu halittun teku masu ɓawo, da ya ga sun manne wa duwatsu igiyar ruwa na dukan su ba su saki ba, su suka sa shi sauya furotin ɗin waken ya yi koyi da nasu. A 2005 kamfanin Columbia Forest Products ya fara sauya masana'antunsa na filawud zuwa wannan gam.

A daidai wannan lokaci ginshiƙan Hetzer suka samu magada. A shekarun 1990 injiniyoyi a Ostiriya, cikinsu har da Gerhard Schickhofer na Jami'ar Fasaha ta Graz, suka bunƙasa manyan alluna na katako mai kauri da ake gicciyawa hawa uku, biyar ko bakwai, su zama bango ko daɓen bene sukutum. A 2019 aka kammala ginin Mjøstårnet a garin Brumunddal na Norway, hawa 18, tsayin mita 85.4, a kan ginshiƙan katako da aka manne. A 2022 ginin Ascent na birnin Milwaukee ya ɗara shi kaɗan. A irin wannan tsayi tambayar ta tashi daga ruwa ta koma wuta. Katako mai kauri yana yin gawayi a waje ya kare cikinsa, amma gwaje-gwaje sun nuna wasu nau'o'in gam suna laushi da zafi, hawan da ya ƙone ya faɗo, sabon katako ya bayyana wutar ta sake tashi. Saboda haka ƙa'idar Amurka da Kanada ta 2018 ta wajabta gwada gam ɗin waɗannan alluna a gobarar gwaji kafin a amince da shi.

Maganar iska ma ba ta ƙare ba. A 2023 Tarayyar Turai ta amince da sabuwar iyaka ta miligiram 0.062 a kowace mita kubik ta iska ga kayan ɗaki da allunan katako, rabin ta E1, wadda aka tsara za ta fara aiki a watan Agusta 2026. Duk lokacin da kasuwar masu kuɗi ta ƙara tsauri, allon da bai ci jarrabawa ba ba ƙona shi ake yi ba, wata kasuwar ake nema masa, kuma ƙasashe masu zafi, inda gam ɗin yuriya ya fi saurin fitar da hayaƙinsa, su ne suka fi ƙarancin masu aunawa. Kafinta a Kano ko Maraɗi yakan tambayi kaurin allo da launinsa da farashinsa. Hatimin E1, ko E0 da ya fi shi tsauri, ko CARB na Kalifoniya, idan masana'antar ta buga shi, yana gefen allon ko jikin takardar da aka ɗaure dilar da ita.